Katakon da aka ɗauke

Mu da muka san keke da kai buhun masara kasuwa, sai ga wasu sun mai da shi abin hawan duwatsu da faɗa wa kwazazzabo da gangan. Tun 1996, a Atlanta, wannan tsere ya shiga wasannin Olamfik, har da lambar zinariya.

A wasannin Tokyo, cikin 2021, Mathieu van der Poel ɗan ƙasar Holan ya iso ana ta yi masa kirari. Lokacin atisaye an shimfiɗa wani katako a gangaren dutse don sauƙaƙa saukowa. Ranar tsere aka ɗauke shi. Sauran mahaya sun sani, gogan naka kuwa ya ce bai sani ba. Ya taho da ƙarfinsa yana neman katako, ya tarar da iska, ya wuntsila ta saman kan keken tun a zagayen farko. Ya tashi ya kaɗe ƙura ya ci gaba, daga baya jiki ya ce masa a'a. Tom Pidcock na Birtaniya ya kwashe zinariyar.

Shi ma Pidcock tasa tana jiransa a Faris, 2024. Yana kan gaba tayarsa ta yi faci, kuma a can babu mai faci a gindin bishiya. Kafin a sauya masa taya, Victor Koretzky ɗan gida ya yi nisa. Pidcock ya bi shi, ya kamo shi, a zagayen ƙarshe ya kutsa ta gefensa ya wuce. Faransawa suka tarbe shi da ihun ba ma so.