Jauro, Ka Sakar wa Yaro Fom Ɗinsa

Gaisuwa gare ka bawana, Bafulatanin Katuzu, wanda shekara da shekaru a cikin gari ba su raba shi da sanda ba.

Labari ya iso mini har Nguru cewa ka yi wa ɗanka rakiya zuwa shagon kwamfuta cike fom ɗin JAMB. Mai shago ya tambaye ka sunan ɗalibi, ka sunkuyar da kai kana zane ƙasa da sanda, wai ɗan fari ne, baki ba ya faɗa. Amma da aka zo kan tsangayar da zai nema a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, sai kunya ta gudu, ka ɗaga murya har masu kifi a bakin titi suka waiwayo: "A sa masa Kimiyyar Siyasa, ciyaman zai zama!"

Ciyaman na ina, Jauro? Na ruga?

Zauna ubangidanka ya karanta maka. Jami'ar nan da aka kafa a 2013 tana da tsangayar aikin gona, kuma a cikinta akwai sashen kiwon dabbobi, da na kifi, da na gandun daji. Yaron nan ajin kimiyya ya yi a sakandare. Kiredit ɗinsa a Kemistiri da Bayoloji da Lissafi suke, kuma su ne ƙofar wannan tsangaya. Darussa huɗu ake rubutawa a JAMB, Turanci dole, sauran ukun kwas ɗin da aka zaɓa ne yake yanke su. Kimiyyar Siyasa tana neman darasin Gwamnati ko Tarihi, shi kuwa rabonsa da Tarihi tun wanda kake ba shi na bijimin kakanka. Ko maki nawa ya ci daga cikin 400, in darussan ba su dace da kwas ba, kwamfuta ba ta san Jauro ba. Daga nan sai biyan kuɗin canjin kwas, kai da kake zazzaɓin kwana uku in an ce ka sayar da ɗan akuya.

Na san abin da ke cin ka. An gaya maka karatun gona shekara biyar ne, na siyasa huɗu, ka ƙirga shekarar nan guda da maraƙi. Sannan kana jin nauyin a ce ɗanka ya shiga jami'a ya sake fitowa wajen shanu. To shanun su ne suka yi maka rufin kwano. Yaron da tun yana ɗan shekara bakwai yake gane saniya mai ciwon hanta daga tafiyarta, shi za ka tura haddace tsarin mulkin Amurka? Dubi fadamun da ke tsakanin Nguru da Gashuwa, yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye makiyaya da gonakin shinkafa. Wannan aiki masu ilimin ƙasa da dabba yake jira. Masu neman kujera kuwa, ko a Katuzu kaɗai sun ishi Yobe.

Za ka ce me Babarbare ya sani ban da turaren wuta da burabusko. Na ji. Amma ni da tawa 'yar ta ce tsangayar ilimi take so, ban ce uffan ba, kuɗin fom kawai na miƙa.

Ka koma shagon kafin a rufe rajista, ka tsaya daga waje, yaro ya shiga shi kaɗai, tunda ko sunansa ba ka iya faɗa. In ka zo kawo mini godiya, ka haɗo da ƙwaryar kindirmo, wanda ba a yi wa baftisma da ruwan kogi ba.