Zomon Kadawa da Bindigar Jamus

Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka yi tun 1959, ta sa bindigar iska a sahu ɗaya da bindigogin farauta na gaske: kowacce sai da lasisi. To abin da hukuma ta girmama haka, ni wane ne da zan raina shi? Shi ya sa da Kawu ya zo daga Kadawa yana kukan zomaye sun hana karas ɗinsa da wake sakat, ban bari ya rufe baki ba na ce, "Kawu, bar ni da su. Ai Yaya na da bindiga."

Yana da ita kuwa, har da takardarta. Daga Jamus ya taho da ita, ƙirar Diana, irin wadda ake karya bakinta a ɗana sifirin. A jikinta akwai harafin F cikin wani zane mai kusurwa biyar, ni kuma na ɗauka lambar yabo ce. Ashe shaida ce cewa ƙarfinta bai wuce joule 7.5 ba, iyakar abin da Jamusawa ke barin baligi ya saya babu izini, don ya riƙa huda takarda daga nisan mita 10. Ko a Ingila, inda ake harbin zomo da bindigar iska, tasu ta ninka wannan ƙarfi sau biyu, kuma duk da haka sai sun lallaɓa kusa sun auna kai. Yaya ya san duk wannan. Bai faɗa mini ba sai a hanyar dawowa.

Kafin mu bar gida na sa uwargida ta daka yaji, na wasa wuƙa, don zomo ba zai mutu mushe a hannuna ba. Ta ce, "Guda nawa za mu sa ran gani, Maigida?" Na ce ta dai wanke babbar tukunya.

Mun isa bayan la'asar, hunturu na kaɗawa, ruwan Tiga na bin magudanai cikin gonakin rani. Yaya ya miƙo mini gwangwanin harsashi ya koma mota ya kunna rediyo. Harsashin na dalma ne, milimita 4.5, nauyinsa kusan rabin giram. Na farko ya suɓuce ya faɗa ƙasa, muka duƙa ni da Kawu muna tonon turɓaya. Kawu ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wannan abin zomon zai haɗiya ne ko kuwa?"

Zomon daji ba ya haƙa rami. Da rana lafewa yake cikin ciyawa, launinsa ya saje da ƙasa, sai rana ta yi gora ya fito kiwo. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin na bayansa ba tare da ya waiwaya ba. Nawa ya fito dab da magariba, ƙato, ya zauna a bakin kunyar karas ya fara aiki cikin natsuwa irin ta mai gona.

Na yi bisimilla, na ƙanƙame bindiga, na ja kunama. Fat! Ƙura ta ɗan tashi can tsakanina da shi. Zomo ya ɗaga kunne ɗaya, ya mayar, ya ci gaba da tauna. Lissafin ma ba ya wajena: ƙara tana tafiyar mita 340 a daƙiƙa, harsashina kuwa da ƙyar yake yin rabin haka. Wato sallama ce ke riga baƙo isa, mai gida ya ga dama ya tashi, ya ga dama ya zauna. Wannan ya zauna.

Na ce to, zomo ba ya kamuwa daga zaune, bari in matsa. Na kwanta rub da ciki na fara jan jiki cikin kunya, sabuwar shaddata na shan taɓo. Na kai inda nake jin ƙarar haƙoransa, na sake ɗanawa, na ɗaga baki sama kaɗan don kada ya sake faɗuwa a hanya. A daidai nan ne cinnaku suka gane cewa a kan gidansu na yada zango. Suka shiga ta ƙafar wando, suka raba aiki. Yatsana ya ja kunama ba da shawarata ba. Harsashi ya bugi injin ban ruwan Kawu, ya ce ƙwal, ya dawo ya same ni a ƙwauri. Duk yinin ranar, wannan ne kaɗai naman da bindigar ta taɓa, shi ma ko jini bai yi ba.

Ihun da na kurma ne ya yi abin da dalma ta kasa. Zomo ya zabura, ya karkata dama, ya karkata hagu, ya ɓace cikin masara. Kawu yana zaune a kan kunya yana share hawaye da hula, yana cewa, "Sannu, sarkin baka. Gobe ma ka zo ka yi musu ihun, ya fi arha."

Tukunya tana jira, ga shi na riga na cika baki. Muka tsaya a Kura na sayi zomon gida, na ce wa Yaya ya rufa mini asiri. Uwargida ta buɗe kwali ta leƙa, ta ce, "Ikon Allah. Dajin Kadawa har da farin zomo mai jan ido? Kuma da ransa, ko ƙwarzane babu?" Na ce ai gwaninta ke nan. Kafin in lalubo wuƙa, autarmu ta rungume shi ta sa masa suna, ta ce duk wanda ya yanka shi sai dai ya haɗa da ita.

Yajin mun ci shi da dafaffen ƙwai. Zomon kuwa yana nan a bayan ɗaki, ya ƙi dusa, ya ƙi ganyen kuka, karas kawai yake ci. Duk Juma'a Kawu na aiko mini da rabin buhu, kuma ko sisi ba ya rage mini.