Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Injin Sumo

Ƙarƙashin Rijiyar Burtsatse,
Lugbe, Abuja.

Bayan gaisuwa irin ta manyan ma'aikata, mutanen gida suna sanar da Mai Girma Sumo, wato injin nan mai siffar taɓarya da ake zurawa cikin rijiya domin ya turo ruwa zuwa tanki, cewa an lura ya ƙaurace wa aiki ba da izini ba, laifin da a garin ma'aikatan gwamnati kowa ya san takardar tuhuma ce ke biyo bayansa. An ɗan jinkirta ne saboda girman muƙaminsa, domin ko da yake gwamnati ta tare a birnin nan tun 1991, ruwan madatsar Usuma da ke kusa da Ushafa, wanda ake ƙara masa na Gurara daga Jihar Kaduna, bai kai ga sababbin unguwanni da dama ba, saboda haka a wannan gida shi ne hukumar ruwa, shi ne darakta, shi ne masinja.

An kafa kwamitin bincike mai ɗauke da maigida, da mai gyaran wuta, da wani maƙwabci da ba a gayyata ba. Kwamitin ya fara daga sama, tunda ciro Mai Girma aiki ne na majiya ƙarfi da igiya, kuma igiyar in ta tsinke shi ke nan. An auna wuta, domin sumo na gida yana son ƙarfin da ya kai bolt 220, idan kuwa ta zo a raunane sai ya yi ta gurnani yana zafi ba tare da ya juya ba. An buɗe akwatin kwantirol an duba kafasita, wato ɗan gwangwanin da ke ba mota turin farko, wadda in ta kumbura ko ta yi ƙauri canjinta ba ya cin kuɗi, kuma sau da yawa a nan shari'a take ƙarewa. An leƙa makunnin tanki, ƙwallon da ke yawo a saman ruwa yana kashe inji idan tanki ya cika, aka tarar lafiyarsa lau.

Shaidar da ta fi nauyi ta fito ne daga bakin uwargida, wadda ta ce a kwanakin ƙarshe Mai Girma yakan kawo ruwa na 'yan mintuna, ya yi tari, ya feso iska da laka, sannan ya yi tsit. Wannan alama ce ta janyewar ruwa, domin ƙarƙashin mafi yawan Abuja dutse ne, ruwan yana maƙale ne a tsagoginsa, a watannin Maris da Afrilu kuma yakan yi ƙasa, balle yanzu da kusan kowace katanga ta haƙa tata rijiyar. Ruwan da sumo yake turowa shi ke sanyaya shi, idan ya juya a bushe koyil ɗinsa, wato wayar tagullar da aka naɗe cikin motarsa, takan ƙone, yashi kuma ya cinye farfelolinsa. A nan adalci ya tilasta a rubuta cewa maigida ya sha kunna shi ya tafi kallon ƙwallo, ko da yake ya nemi a cire wannan daga rahoto.

Duk da haka, an ba Mai Girma zuwa Asabar ya dawo bakin aiki, in ba haka ba a ciro shi a kai wa masu naɗin koyil, ko a ɗauko matashi daga kasuwar Dei-Dei a ba shi kujerar. Ana roƙonsa ya hanzarta, domin labari ya riga ya kai ga 'yan garuwa, sun kuma ƙara kuɗin jarka tun kafin kwamiti ya tashi.

Daga masu jiran amsa da bokiti a hannu,
Mutanen Gida.