Kukan Uwar Garke Jawabi Ne: Yadda Ake Lallashinta a Dakoro

A Dakoro, inda gonakin gero ke ƙarewa makiyaya ta fara, ba a yi wa kowa bayanin uwar garke. Masana kwamfuta ma aron sunan suka yi, suka laƙaba wa babbar na'urar nan da ke riƙe da bayanan ofis, wadda ƙananan kwamfutoci ke bi a baya kamar maruƙa. Ma'aikata a Nijar sun fi ce mata sarbar. Ita ma tana kuka kamar takwararta, sai dai nata ya fi kama da injin niƙa ranar kasuwa. Da ta fara, sakatariya ba ta ƙara jin waya, baƙo ya tambaya ko dawa ake niƙawa a bayan gini, shugaban ofis kuma ya leƙo ya ce wa malamin kwamfuta: "Malam, abar nan taka lafiya kuwa?"

Amsa ta farko ita ce: "Ranka ya daɗe, a ba ta minti biyar." Duk lokacin da aka kunna uwar garke, fankokinta na tashi da iyakar ƙarfinsu har sai ta gama duba jikinta, sannan su sassauta. A inda wuta ke ɗaukewa tana dawowa, za a sha wannan gaisuwa sau da yawa a yini. Maganinta ondilar, wato batirin riƙon ƙwarya da ke tallafe na'ura kafin a tada janareto.

Idan minti biyar sun wuce ba ta lafa ba, sai a tuna da irin halittarta. Fankar sili tana juyawa kusan sau 300 a minti. Ta kwamfutar tebur, mai faɗin santimita 12, tana yin 800 zuwa 1,500, ba wanda ya san tana nan. Amma uwar garken nan siririya, wadda kaurinta bai wuce santimita 4 da rabi ba, fankokinta 'yan mitsi-mitsi ne, kuma ƙaramin fiffike ba ya tura iska sai da gudu: 5,000 zuwa 8,000 tana hutawa, 15,000 har 20,000 idan aiki ya yi aiki. Mai kauri biyunta, irin Dell PowerEdge R720 da ta fito a 2012 kuma ake sayowa ta hannu, tana da fankoki shida da suka fi haƙuri, amma su ma in an matsa musu suna wuce 10,000. Waɗanda suka ƙera su ɗaki na musamman suka tanadar musu, mai sanyi, ƙofa a rufe, ba kusurwar da akawu ke lissafin albashi ba.

Mai hankali ba ya duba mara lafiya daga bakin ƙofa. Kowace uwar garke tana da ɗan ƙaramin wakili a ciki da ke lura da zafi da gudun kowace fanka: iDRAC a na'urorin Dell, iLO a na HP, IPMI a na Supermicro. A shiga shafinsa, a karanta zafin iskar da take shaƙa, a duba ko akwai fankar da ta tsaya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma galibi dalilin yana nan a rubuce.

A Dakoro dalilin da ya fi kowane yawa shi ne ɗakin da kansa. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar iskar da ke shiga irin wannan na'ura ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27, kuma akasarin na'urorin iyakarsu 35. A watannin Afrilu da Mayu zafin garin yana wuce 40 a inuwa, balle ƙarƙashin rufin kwano da azahar. Wato baƙuwa ce daga ƙasar sanyi aka sauke a tsakiyar bazara, ba randa ba mafici, sannan ana mamakin nishinta. Nishin nan kuma da kuɗinsa: idan gudun fanka ya ninka sau biyu, wutar da take ci tana ninkawa kusan sau takwas, abin da mai sayen man janareto ko mai dogaro da faifan hasken rana zai gani a aljihunsa kafin ƙarshen wata.

Karɓar baƙuwa yana da ladubba. Ta gaba take shaƙa, ta baya take fitarwa, don haka ba a jingina bayanta da bango, ba a kulle ta a kabad don maganin ƙara, ba a ajiye ta gaban tagar yamma. A ɗaga ta daga ƙasa. Kyallen nan mai ado da ake lulluɓe talabijin da shi saboda ƙura, niyya ce mai kyau, amma a kanta daidai yake da a saka wa ɗan kokawa babbar riga da rawani a ce ya shiga fage. Ba teburin shayi ba ce, bayanta kuma ba wurin shanyar safa ba ne, duk da cewa iskar za ta iya. Jiƙaƙƙen buhu yana sanyaya tulu. A nan kuwa ajalin na'ura ne. Abin da take so shi ne ɗan ƙaramin ɗaki da na'urar sanyaya iska.

Sai hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta raba wa kowa kasonsa. Na uwar garke ya fi yawa, don dare da rana take zuƙa. Ƙurar ta taru a haƙarƙarin ƙarfen da ke kwashe zafin ƙwaƙwalwarta, ta zama bargo, fankoki su yi ta ƙara gudu a banza. A kashe ta, a zare wayoyin wuta duka biyun, a fitar da ita waje, a hure da ɗan injin hura iska. A riƙe fiffiken kowace fanka da yatsa kada iskar ta wulwula shi fiye da kima. Kada a kai ta wurin mai faci, don iskar tankinsa na zuwa da danshi da mai. Wanda ya tarar da saƙar gizo ko gawar tsaka a ciki, ya yi mata sallama ya ci gaba da aiki.

Tana da kishi kuma. A bar murfinta a buɗe, ta yi ihu. Fanka ɗaya ta mutu, sauran su ɗauki aikinta su sanar da unguwa. A saka mata faifan ajiya ko katin da ba na gidansu ba, irin wanda aka tsinto da araha a titin Beirut na Kano, wakilin nan ya kasa karanta zafinsa, sai ya ɗauka gobara ce ya saki fankoki. Ramukan faifai da ba kowa a ciki a toshe su da murafansu, a duba saitin BIOS ko wani ya bar shi a kan sanyaya mafi ƙarfi, a sabunta manhajar wakilin. Idan kuwa sautin gurnani ne ko ƙaras-ƙaras, ba shuuu ba, to boris ɗin fanka ya cinye, sai sabuwa. Tun da Maraɗi ta fi kilomita 100 daga Dakoro, mai dabara yana ajiye guda biyu a durowa.

Akwai masu gajen haƙuri da ke zare wayar fanka, ko su tilasta mata tafiyar hawainiya da umarnin da suka kwafo. Shiru zai samu. Ƙwaƙwalwar na'urar za ta rage aiki da kanta idan ta doshi digiri 100, sannan ta kashe kanta, amma faifan ajiya ba shi da wannan gatan: zafi yana cin sa a hankali, ranar da ya tafi kuma ya tafi da rajistar haihuwa, da sunayen marasa lafiya, da bashin 'yan adashi.

Shugabannin ofisoshi, ranku ya daɗe: a ware mata ɗaki, a saka kuɗin sanyaya shi a kasafin bana tun Afrilu bai kama ba, a kuma bai wa malamin kwamfuta rana ɗaya kowane wata uku ya kakkaɓe ta.