Dattawan da ke Cewa a Yi Shiru

Bayan isha'i muka hallara a zauren Kawu. Kowa ya san abin da ya tara mu, amma babu mai son ɗaga maganar. Tun ranar da aka ga wata 'yar gidanmu a layin karɓar magani, manya suka yanke cewa ta daina zuwa asibiti, don a rufa wa zuri'a asiri. Da shirun ya yi nauyi, Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, ba mu labari mana."

Na ce, "Allah ya ja kwana, akwai wani gari a jikin kowannenmu, dakarunsa su ne fararen ƙwayoyin jini. Cikinsu akwai rundunar da likitoci ke kira CD4, masu buga gangar yaƙi su nuna wa sauran inda maƙiyi yake. Mai lafiya yana da 500 zuwa 1,500 a ɗigon jinin da bai wuce kan allura ba. To a rundunar nan akwai 'yan tsiraru, ba su fi ɗaya cikin goma ba, su ne dattawan gari. Aikinsu sulhu. In samari suka zaƙe har suka fara dukan na gida, su ke cewa a mai da wuƙa kube. Wani masani ɗan Japan, Shimon Sakaguci, ya gano su a 1995, ana ce musu Treg, a 2025 kuma aka ba shi kyautar Nobel tare da Amurkawa biyu. Jikin da ya rasa su, garkuwarsa ce ke juyowa ta cinye shi."

Kawu ya gyara zama. "Ka ji. Gari ba dattijo ai kango ne."

"Haka ne, Kawu. Sai wata rana ƙwayar cutar ƙanjamau ta shigo. Masu gangar take nema, kuma a makonnin farko ta fi yin ɓarna a bangon hanji, inda suka fi yawa. Ganuwa ta tsage, ƙazantar hanji ta riƙa tsiyaya cikin jini, gari ya kasa barci, kullum ana ihu ana gudu. Dattawan ma ba su tsira ba, don ƙofar da cutar ke bi tana jikinsu. Suna mutuwa, sai dai samarin sun fi su saurin ƙarewa. Yawan dattawan ya ragu, amma a taron da ya rage, muryarsu ta fi ta kowa ƙarfi.

"Ba zan zalunce su ba. Haƙurin da suke bayarwa yana rage wutar da ke cin garin, da babu su da gobarar ta fi haka. Amma kalma ɗaya suka iya, ita suke faɗa wa kowa. Akwai wasu mayaƙa, CD8, da suka gane gidajen da maƙiyi ya ɓuya, sun zare takobi, dattawa suka ce a yi shiru. A kaluluwa, inda ake renon sabbin dakaru, sinadarin da suke zubawa don kwantar da tarzoma yana taimakawa wurin ya yi tabo ya ƙandare, har ya kasa riƙe 'ya'ya. Abin da ya fi ci mini rai, Kawu, maƙiyin kan kwanta a jikin wasu daga cikin dattawan, ya yi lamo shekara da shekaru. Su kuwa har zuci suna ganin garin suke tsarewa. Ranar da masu ganga suka gaza 200, tarin fuka da 'yan'uwansa su shigo ba sallama."

Inna, daga bayan labule, ta ce, "To wa ya ceci garin?"

"Daga waje taimako ya zo, Inna. Ƙwayar magani ce da ake sha kullum. Tana hana cutar hayayyafa, dakaru su farfaɗo, har a auna jini a kasa ganinta, kuma mai wannan hali ba ya shafa wa abokin aurensa. Amma in aka yanke shan, cikin 'yan makonni wadda ta yi lamo take tashi."

Babu wanda ya tanka. Kawu ya daɗe yana kallon carbin da ke hannunsa, bai ja ko ɗaya ba. Can ya juya wajen labule, murya ƙasa-ƙasa, ya tambayi Inna maganin kwana nawa ya rage a kwalbar.