Kwatangwalona da Ruwan Tofi

Wanda duk ya taɓa ciwon kwatangwalo a Kano ya san masu magani sun fi masu ciwo yawa. Da na fara ɗingishi, 'yan majalisarmu suka rabu gida uku: masu cewa sanyi ne, masu cewa basir ne, da masu cewa na tsallaka abin da bai kamata ba. Na sha jiƙe-jiƙe, wanzami ya kafa min ƙaho, na shafa man zafi har yarana suka daina zama kusa da ni. Duk da haka zaman tahiya sai na dafa bango, hawa babur kuwa sai an karanta min Fatiha.

Daga ƙarshe na tafi asibiti aka ɗauki hoto. Likita ya tambaye ni ko ina da sikila, domin cutar kan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya lalace. Na ce a'a. Ya ce ƙashina lafiya lau, ya tura ni sashen gashi.

Murna ta kama ni. Na sha jin labarin wurin: a kwantar da mutum, a kunna masa jar fitila mai ɗumi, a yi masa tausa har barci ya sace shi. Saboda haka na ci ado da farar shadda mai sitati, na kafa hula, na riƙo sanda.

Likitan gashin yaro ne sa'ar ɗana, ga ɗalibai kewaye da shi. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Baba, kun zo da gajeren wando?" Na ce rabona da gajeren wando tun firamare. Aka aro min wani na 'yan ƙwallo. Na fito daga bayan labule da hulata a kai, ƙafafuna kamar na zalɓe.

"Baba, ku tsaya da ƙafa ɗaya." Na tsaya a kan mai ciwon. Nan take ɗaya ɓarin ƙugun ya zube ƙasa, na yi luuu, na cafki wuyan wani ɗalibi. Likita ya ce wa sauran su duba da kyau, ga alamar nan a fili. Ya yi bayani cewa tsokar da ke gefen mazaunai ita ke riƙe ƙugu idan mutum ya ɗaga ƙafa, tawa kuma ta yi ritaya. Ni tela ne, wuni nake a kan keke, sai tsokar gaban cinya ta ɗaure, ta baya ta saki. Ya ƙara da cewa ciwon kwatangwalo kan sauka har gwiwa, shi ya sa wanzamina ya yi ta tsaga wurin da ba ruwansa. Sandar ma ya karɓe ta daga hannun da ke ɓarin ciwon ya mayar ɗaya hannun, wai a nan take rage wa ƙafar nauyi.

Fitilar da na zo dominta kuwa, ban gama gyara kwanciya ba aka kashe ta. Sauran lokacin duk aiki ne: kwanta rigingine ka ɗaga ƙugu sama, juya gefe a ɗaure gwiwoyinka da roba ka buɗe ka rufe. Na ce, "Likita, ni zan biya kuɗi, ni kuma zan yi aikin?" Ya ce, "Baba, har da aikin gida."

A gida na shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan asuba. Ina kwance, ƙugu a sama, ina nishi ina ƙirge da ƙarfi, ƙafafu na rawa, sai ga surukata ta fito da buta. Ta saki salati, ta ƙwala wa 'yarta kira: "Fito, sun buge Malam!" Na buɗe baki in yi bayani, amma likita ya ce kada in sauke kafin goma, ni kuma ina kan shida. Kafin in kai tara an watsa min ruwan tofi, an banka hayaƙin habbatussauda, ƙaramin ɗana ya ruga kiran liman. Liman ya iso ya same ni jiƙe sharkaf da roba a gwiwa. Da ya ji bayani sai ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce shi ma nasa ƙugun yana damunsa, ko robar nan ana sayar da ita a Sabon Gari?

Sannu a hankali ɗingishin ya ragu, na koma zaman tahiya ba dafa bango, kuma yanzu ina tashi daga kan keke lokaci lokaci in miƙe ƙafa. Surukata dai har gobe tana nan a kan cewa ruwan tofinta ne ya yi aiki, ni kuma ban isa in musa ba.

Mai ciwon kwatangwalo, ka je a duba ka tun da wuri, ka tafi da gajeren wandonka, kuma idan za ka yi aikin gida ka rufe ƙofar ɗaki.