Yadda Ake Sa Umarni Ya Yi Ta Gudana Muddin Yatsa Na Kan Maɓalli

Idan aka danne maɓalli a kibod ba a saki ba, kwamfuta takan rubuta harafin sau ɗaya, ta ɗan dakata, sannan ta shiga jero shi. A Windows dakatawar tana kamawa daga rubu'in daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya, jerowar kuma tana iya kaiwa kusan sau 30 a daƙiƙa, kuma mai na'ura yana da ikon sauya kowanne. An yi wannan tsari ne domin masu buga takardu. Ɗalibin Kaduna Polytechnic da ya baro Tudun Wada ya koma ɗakinsa a Unguwar Mu'azu don rubuta ɗan wasan tseren mota da JavaScript yakan ɗauka shi aka yi wa tanadin, sai ya ɗora tafiyar motarsa a kai. Motar takan zabura, ta tsaya cik, ta sake fizga, abokai kuwa su yi ta tambaya ko mai ne ya ƙare.

Abin da ake nema shi ne halin keken ɗinki mai lantarki a makon Sallah: tela ya taka, allura ta yi ta gudu, ya ɗaga ƙafa, ta tsaya nan take. Don samun haka, dole mai rubuta umarni ya riƙe abu biyu a hannunsa, wato shaidar cewa maɓalli a danne yake, da agogon maimaitawa nasa na kansa.

Burauza tana ba da labari iri biyu: keydown idan an danna, keyup idan an saki. Sai a tanadi ma'aji ɗaya a cikin umarnin. Keydown ya zo, a rubuta cewa a danne yake. Keyup ya zo, a goge. Aikin masu sauraron keydown da keyup ya tsaya a nan, kada a ɗora musu tuƙin mota. In wasan yana bukatar maɓallai biyu a lokaci guda, kamar gaba da hagu, a ajiye sunan kowanne daban, domin da zarar an danna na biyu kwamfuta takan daina jero na farko, ko da yatsa na kansa har ya yi ja.

Daga nan ne masu gaggawa suke faɗawa rami. Sukan rubuta zagayen while wanda zai yi ta juyawa har sai an saki maɓalli. JavaScript, tun da Brendan Eich ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1995, aiki ɗaya yake yi a lokaci guda a cikin shafi. Muddin zagayen yana juyawa, labarin keyup yana tsaye a layi ba mai kula shi, don haka zagayen ba zai taɓa jin an saki ba. Shafi ya sandare, fankar laftof ta ɗau kuka, batirin da aka yi cajinsa da kyar kafin a ɗauke wuta ya tafi a banza. Wannan asara ce ta gaske ga wanda yake lissafin kowace awa ta wutar NEPA.

Hanya ta biyu ta fi, amma ita ma tana da tarko. Ana kunna setInterval a cikin keydown, a kashe shi da clearInterval a cikin keyup. Matsalar ita ce keydown ba sau ɗaya yake zuwa ba. Kowane harafi da aka jero sabon keydown ne. Wanda ya riƙe maɓalli daƙiƙa uku zai iya tayar da agogo sama da 70, keyup kuma ya kashe na ƙarshe kaɗai, sauran su ci gaba da tura mota har ta fice daga allo ta nufi Kabala. Maganin layi ɗaya ne: a duba event.repeat, in ya nuna maimaici ne a yi watsi da shi.

Ga abin da yake motsi a allo, requestAnimationFrame ya fi dacewa. Yana kiran umarni duk lokacin da allo zai sabunta hoto, sau 60 a daƙiƙa a yawancin na'urori. A kowane kira sai a leƙa ma'aji, in a danne yake a matsa da mota. A auna tafiyar da lokacin da ya wuce tsakanin kira da kira, in ba haka ba aboki mai allon da ke sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa zai riƙa cin tsere kullum, mai tsohuwar tokumbo kuma ya zargi yatsunsa alhali ba su da laifi.

Akwai sakin da ba a jin labarinsa. Mutum yana danne da maɓalli sai ya koma wata taga, ko wani saƙo ya faɗo ya karɓe allo. Keyup ya tafi can, ma'aji ya zauna yana rantsuwa cewa har yanzu a danne yake. Shi ya sa ake sauraron blur, a share ma'ajin gaba ɗaya da zarar taga ta kuɓuce. A guji kuma sa Shift na dama ya zama totur, domin riƙe shi daƙiƙa takwas yana sa Windows ta taso da maganar Filter Keys ana tsakiyar tsere.

Wanda bukatarsa ba a burauza take ba, kamar mai shagon buga takardu da ke son abu ya yi ta maimaituwa a Windows, yana da AutoHotkey, wanda Chris Mallett ya fitar a 2003. A can zagaye halal ne, in dai ana tambayar GetKeyState halin maɓallin a kowane juyi, ana kuma sa Sleep na ɗan lokaci don na'ura ta numfasa.

Mafi yawan waɗanda za su gwada wasan a unguwa da waya za su buɗe shi, waya kuwa ba ta da maɓallan kibod. Sai a zana maɓalli a allo, a saurari pointerdown da pointerup, a haɗa da pointercancel saboda lokacin da wayar ta ƙwace taɓin don wani aikinta. A hana dogon danni fito da jerin zaɓi, sannan a miƙa wayar ga ƙaramin ƙane a gida, wanda zai danna wuri uku a tare ba tare da an roƙe shi ba.